Baƙon da Ke Cikin Wasa: Ƙararrakin Roblox da Abin da Doka Ta Bai wa Iyaye

A watan Disamban 2025 wani kwamitin alƙalan tarayyar Amurka ya tattara gomman ƙararrakin da iyalai suka shigar a jihohi daban-daban, ya miƙa su ga kotu guda a birnin San Faransisko, a gaban Mai Shari'a Richard Seeborg. Kamfanin Roblox ake ƙara, a wasu takardun kuma an haɗa da Discord da Snapchat. Wanda ya bi abin da iyayen ke faɗa zai ga kusan labari guda ne, sunan gari da shekarun yaro kawai ke sauyawa. Yarinya ta shiga wasa, ta yi aboki, ashe abokin ƙaton mutum ne da ya yi shigar yara, daga nan aka kai ga hotunan tsiraici, ko barazana, ko haɗuwa ido da ido. Kamfanin ya musanta cewa yana da laifi, kuma zargi ne da sai kotu ta auna shi. Amma maganar ta shafe mu, domin wasan da ake jayayya a kansa a Kalifoniya shi ne dai yaro ke saukewa a wayar gidansu a Kano ko Maraɗi.

Roblox fili ne mai ɗauke da miliyoyin wasanni waɗanda masu shiga suke ƙirƙira da kansu. Wannan tseren mota, wancan gina gida da rainon dabbobi, wani kuma zaman gari ne kawai, kana yawo da ɗan mutum-mutuminka kana hira da duk wanda ka tarar. An buɗe shi a 2006, kuma a 2025 masu shiga a kullum sun haura miliyan 100. Alƙaluman kamfanin na 2024 sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 ba su kai shekara 13 ba. Shiga kyauta ne. Shekaru da dama abin da ake buƙata don buɗe asusu bai wuce suna da kalmar sirri da ranar haihuwar da mutum ya ga dama ya rubuta ba. A lokacin ɗan shekara 9 na iya cewa 19 gare shi, ɗan shekara 45 na iya cewa 11 gare shi, ba wanda zai ce da ɗayansu uffan.

Ribar kamfanin daga Robux take fitowa, kuɗin cikin wasa da ake saye da kuɗin gaske. Da shi ake sayen riga da gashi da dabba, ko izinin shiga wani ɓangare na musamman. Babba zai ga shirme ne. A wurin yaro kuwa, wanda ba shi da Robux kowa na ganin sa da kayan sabon shiga, kuma ana yi masa dariya a kai. Duk wanda ya san wannan ya san ta inda zai kama yaro.

Mai farautar yara ba ya farawa da maganar banza. Da wasa yake farawa, kuma yakan iya wasan sosai. Ya taimaki yaro ya haye matakin da ya gagare shi, ya yaba masa, gobe ya sake neman sa. Bayan 'yan kwanaki tambayoyi su fara faɗowa a tsakiyar hira kamar ba da niyya ba: "Shekarunka nawa?" "Wa ke gida yanzu?" "Mamanka na duba wayarka?" Sai kyauta ta biyo baya, lambar katin Robux da za a shigar kuɗi su faɗo nan take. Sai kuma sauraro, wanda ya fi kyautar ƙarfi. Yaron da aka yi wa faɗa a gida, ko ake tsokana a makaranta, ya sami wanda ke ce masa "ni kaɗai na fahimce ka, kada ka gaya wa kowa." Roblox na da matacin kalmomi da ke toshe batsa da lambobin waya, idan aka rubuta su sai alamomin #### su bayyana a madadinsu, kuma ba a tura hoto a hirarsa. Shi ya sa mataki na gaba kusan kullum guda ne, a fitar da yaro daga wasan. Sai a rubuta sunan wata manhaja a karkace, harafi nan lamba can, yadda matacin ba zai gane ba, a ce mu koma can mun fi sakewa. Can akwai kiran bidiyo, akwai hoto, a wasu ma akwai saƙon da ke gogewa da kansa.

Hoton farko da yaro ya tura shi ke juya komai. Murya ta sauya nan take: ka ƙaro wani, ko ka turo kuɗi, in ba haka ba in aika wa babanka da 'yan ajinku. Daga nan mugun ba ya shan wata wahala, tsoron gida ne ke yi masa aiki.

A watan Yulin 2024 mujallar Bloomberg Businessweek ta gano cewa tun daga 2018 'yan sandan Amurka sun kama aƙalla mutum 24 bisa zargin sacewa ko lalata da yaran da suka haɗu da su a Roblox. Rahotannin da kamfanin kansa ya aika wa NCMEC, cibiyar da ke karɓar ƙorafin cin zarafin yara a Amurka, sun tashi daga fiye da 13,000 a 2023 zuwa fiye da 24,000 a 2024. A yi wa kamfanin adalci, ƙaruwar rahoto na iya nuna cewa ya ƙara sa ido ne, kuma masu shiga ma sun ƙaru. Sai dai abin da aka kama a cikin fili ake ƙirgawa, alhali ɓarnar takan ƙarasa ne a waje.

Matsalar kuma ta girmi waɗannan ƙararrakin. A Ingila, a watan Fabrairun 2014, wani matashi ɗan shekara 18 ya kashe yaro ɗan shekara 14 daga yankin Surrey bayan ya shafe watanni yana hure masa kunne a rukunin abokan wasan kwamfuta. Mahaifiyar yaron ta lura ɗanta ya sauya, ta kira 'yan sanda wajen wata biyu kafin kisan, ta ba su sunan mutumin, ba a bi maganar yadda ya kamata ba. An yanke wa mai kisan ɗaurin rai da rai, kuma a 2016 rundunar 'yan sandan ta nemi gafarar iyayen ta biya su diyya. Sai a watan Afrilun 2017 aika wa yaro saƙon batsa kawai, ko ba a nemi haɗuwa ba, ya zama laifi mai zaman kansa a Ingila da Wales.

Idan abu ya faru, abin da iyaye ke fara cewa shi ne a kama shi. Wannan ce ƙofar da ta fi sauƙin fahimta, domin hukuma ce ke gurfanar da mutum, iyali shaidu ne, ba sa biyan lauya. A dokar tarayyar Amurka, jan wanda bai kai shekara 18 ba zuwa lalata ta intanet laifi ne da mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma yunƙurin kansa ya isa ko ba a haɗu ba. Wata dokar ta bai wa wanda aka zalunta damar ƙarar mai laifin da kansa don neman diyyar da ba ta gaza dala 150,000 ba, kuma tun 2022 aka cire wa'adin shigar da irin wannan ƙara, saboda an fahimci cewa yaro kan girma kafin ya iya buɗe baki. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri mutumin da ke zaune a kurkuku ba kasafai yake da dukiyar da za a kama ba, ga kuɗin likitan ƙwaƙwalwa na shekaru, ga sauya makaranta, wani lokaci har da sauya gari. Dole ido ya koma kan kamfani.

Nan ne aka daɗe ana cin karo da bango. Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya ce ba za a ɗauki kamfanin intanet a matsayin wanda ya wallafa ko ya furta abin da wani mai amfani da shi ya rubuta ba. Lokacin da aka yi dokar, intanet jariri ne, kuma manufar ita ce kada ƙararraki su kashe shi tun yana goye. A 2008 wata uwa daga Tekzas ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a ƙarar da ta kai MySpace, bayan wani ɗan shekara 19 ya ci zarafin 'yarta da ya haɗu da ita a shafin. Kotu ta ce duk yadda aka juya ƙarar, a kan saƙonnin da wasu suka rubuta take, don haka kamfanin na da kariya. Shekaru fiye da goma haka aka riƙa sallamar iyalai tun a bakin ƙofa, kafin ma a kai ga duba takardun cikin gida na kamfani.

Sauyin ya zo ne ta wata ƙarar da ba ta da alaƙa da lalata. A 2017 samari uku sun mutu a hatsarin mota a jihar Wiskonsin bayan sun yi gudun da ya wuce mil 120 a awa, jim kaɗan bayan ɗayansu ya buɗe wani ɓangaren Snapchat da ke nuna saurin gudu a kan hoto. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce iyayen na iya ci gaba da ƙararsu, domin abin da suke tuhuma shi ne yadda kamfanin ya ƙera kayansa, ba saƙon wani ba. A 2022 wani alƙali a jihar Oregon ya bi wannan hanya a ƙarar da aka kai Omegle, shafin da ke haɗa baƙo da baƙo ta bidiyo, wanda ya haɗa yarinya 'yar shekara 11 da wani ƙato. An sasanta, kuma a watan Nuwamban 2023 shafin ya rufe baki ɗaya.

A ce mutum ya buɗe gidan kallon ƙwallo a unguwa. Idan wani ɗan kallo ya zagi wani, ba mai gidan ya yi zagin ba. Amma idan ya riƙa kiran ƙananan yara da fim ɗin zane, ya rage fitila, ya bar ƙofar baya a buɗe ga kowane ƙato, sannan ya bi gida-gida yana gaya wa iyaye wurin amintacce ne, to za a tambaye shi yadda ya tsara wurin da kuma abin da ya faɗa a kansa. A kan waɗannan biyun lauyoyin iyalai suka gina ƙararrakin Roblox. Suna cewa an ƙi tantance shekaru alhali ana iyawa, an bar manya da yara suna hira a fili guda, an mai da Robux abin da za a iya yaudarar yaro da shi, kuma an tallata wa iyaye tsaron da babu shi. Kada dai a ɗauka an gama. A farkon 2025 wannan kotun ɗaukaka ƙarar da ta buɗe ƙofa a shari'ar Snapchat, wadda kuma San Faransisko ke ƙarƙashinta, ta kori ƙarar wani yaro a kan manhajar Grindr bisa Sashe na 230. Layin da ya raba "ƙira" da "saƙo" siriri ne, kuma kowane ɓangare na jan sa zuwa nasa gefen.

Akwai bango na biyu, wanda iyaye da yawa ba su san da shi ba sai sun je wurin lauya. A cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba, akwai sharaɗin cewa duk wata rigima a gaban mai sasanci mai zaman kansa za a kai ta, ba kotu ba. Ɗaki ne rufe, ba 'yan jarida, kuma da wuya a ɗaukaka ƙara. Lauyoyin iyalai na da amsa biyu. Ta farko, yaro ƙarami na da ikon warware yarjejeniyar da ya shiga. Ta biyu, dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2022 ta hana tilasta sasanci a shari'ar cin zarafi ta hanyar lalata. Ni dai a ganina kamfanin da ya san ɗan shekara 8 ne ke danna maɓallin bai kamata ya riƙe wannan dannawar a matsayin hujja ba, ko da doka ta ba shi dama.

Tattara ƙararraki a kotu guda ba ya mai da su ƙara guda. Kowane iyali na riƙe da tasa, alƙali ɗaya ne dai zai warware tambayoyin da suka shafi kowa, ya sa ido a kan tono takardu, sannan a kan zaɓi 'yan kaɗan a gwada su tukuna don kowa ya ga inda iska ke kaɗawa. Irin wannan shari'a takan ci shekaru, kuma galibi da sasanci take ƙarewa. Lauyoyin ba sa karɓar kuɗi a farko, kasonsu suke cirewa idan an ci, yawanci kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100. Shi ya sa tallansu ya cika intanet, kuma shi ya sa tallan lauya ba alkawarin diyya ba ne.

Abin da ya fi saurin motsa kamfanoni shi ne hukuma. A watan Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan tuhumar Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka. Miliyan 275 daga ciki tara ce ta karya dokar sirrin yara ta 1998, kuma cikin abin da aka tilasta masa har da kashe hirar murya da ta rubutu ga yara sai iyaye sun buɗe. Turkiyya ta toshe Roblox ɗungurungum a watan Agustan 2024. Dokar tsaron intanet ta Birtaniya ta 2023 ta ba hukumar Ofcom ikon cin tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani a duniya. A 2025 manyan lauyoyin jihohin Luwiziyana da Kentaki da Tekzas sun kai Roblox kotu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin irin waɗannan shari'u ba kasafai suke isa aljihun iyalin da aka cuta ba, amma su ke sauya tsari. A watan Nuwamban 2024 Roblox ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 aika saƙon kai tsaye a wajen wasanni, ya kuma ba iyaye damar sarrafa asusun yaro daga tasu wayar. Daga watan Janairun 2026 kuma ya wajabta tantance shekaru ga duk mai son yin hira, galibi ta nuna fuska a kyamara.

Iyalin da ke Zariya ko Damagaram ba za su ɗauki jaka su tafi San Faransisko ba, amma ba hannu rabbana suke ba. Sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta hotunan batsa na yara, ya kuma haramta hilatar yaro ta kwamfuta don haɗuwa da shi saboda lalata. Ana iya kai ƙorafi ga Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta rundunar 'yan sanda ko ga hukumar NAPTIP. Nijar na da tata dokar laifukan intanet tun 2019, Ghana kuma ta yi tata a 2020, da lambar kira 292 ta hukumar tsaron intanet. Layin ƙorafi na NCMEC, wato CyberTipline, yana karɓar rahoto daga kowace ƙasa, ya miƙa wa jami'an tsaron inda abin ya shafa. Iyaka kuma ba ta cika kare mai laifi ba. A 2023 Najeriya ta miƙa wa Amurka wasu 'yan'uwa biyu daga Legas waɗanda barazanarsu a Instagram ta sa wani ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ya kashe kansa, kuma a watan Satumban 2024 aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya goge asusu kusan 63,000 daga Najeriya saboda irin wannan sana'a. Mai ganin abin na Turawa ne ya sake tunani, masu yin sa na cikinmu, kuma yaron gida ya fi kusa da hannunsu.

Duk waɗannan ƙofofin, ta 'yan sanda da ta kotu da ta kamfani, hujja ce ke buɗe su, kuma a sa'ar farko ake samun ta ko a rasa ta. Abin da zuciya ke raya wa uba shi ne ya fizge wayar, ya goge komai, ya ɗauko bulala, sannan a rufa wa gida asiri. Kowane ɗaya daga cikinsu kyauta ce ga mugun. Goge hira goge shaida ne. Bulala kuma tabbatar wa yaro ne cewa abin da aka tsorata shi da shi gaskiya ne, gobe ba zai sake faɗa ba. Maganar farko da ya kamata ya ji ita ce, "Zo zauna, ba laifinka ba ne, nuna min." Sai a daina amsa wa mutumin, kada a biya ko sisi, don biya ba ya kawo ƙarshen barazana. A ɗauki hoton allo na hirar, da sunan asusun, da kwanan wata, da shaidar duk katin Robux ko kuɗin da ya shiga tsakani. A Roblox da Discord kowane asusu na da lambar da ba ta sauyawa ko an sauya suna, ita ce ta fi amfani ga mai bincike. Hoton tsiraicin kuwa kada a tura wa kowa, ko kawu ne ko malami, domin yaɗa shi laifi ne ko da niyya ta gari, wayar ake miƙa wa jami'i yadda take. A kai ƙorafi cikin manhajar da wuri, saboda tun 2024 dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ajiye bayanan da ya aika wa NCMEC na tsawon shekara guda, maimakon kwana 90 na da. Idan ana tsoron hoton zai bazu, cibiyar na da wani shiri na kyauta, Take It Down, wanda ke ciro wata lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, ya rarraba ta ga shafukan da suka shiga shirin don su gano shi su cire.

Tsarin tantance fuska na Roblox kuwa yana raba masu hira rukuni-rukuni, daga 'yan ƙasa da shekara 9 har zuwa 'yan 21 zuwa sama, kowa na magana da sa'anninsa da makusantansu. An gina shi ne bisa zaton kowane yaro na da wayarsa da asusunsa. A yawancin gidajenmu waya ɗaya ce ke zagawa, daga Umma zuwa Yaya zuwa auta. Idan Yaya ne ya buɗe asusun ya nuna fuskarsa, na'ura ta rubuta shi babba, to autan da ya karɓi wayar bayan la'asar cikin rukunin manya zai shiga hira, kuma babu ɗaya daga cikin kariyar yara da za ta yi aiki a kansa. Haka abin yake a sauran wasannin da yaranmu ke bugawa da hirar murya a buɗe, irin su PUBG da Free Fire. Gyaran ba ya cin kuɗi: a buɗe wa yaro nasa asusun da ainihin ranar haihuwarsa, a haɗa shi da na uba ko uwa inda wasan ya ba da dama, babba kuma ya fita daga nasa kafin ya miƙa wayar.